Garejin da ya ƙi ƙara wa motata ƙarfi: sharhi kan wani wurin gyaran turbo a Jos

A kan Hawan Kibo na tabbatar cewa motata ba ta da lafiya. Ina dawowa daga Abuja ta hanyar Akwanga, na zo tsakiyar hawan a giya ta uku, na taka totur domin in wuce wata tirela da ke jan ciki, sai motar ta yunƙura kamar yadda ta saba, sannan nan take ta saki, ƙarfinta ya zube kamar an ɗaura mata dutse a baya, fitilar injin kuma ta kama a dashbod. Dole na koma bayan tirelar, na bi ta har kusa da Riyom ina shaƙar hayaƙinta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da na tsaya na kashe injin na sake tayarwa, ƙarfin ya dawo kamar babu abin da ya faru, bai sake tafiya ba sai da na matsa mata a wajen Mararrabar Jama'a.

Motar Volkswagen Golf ce samfurin GTI, ƙirar 2003, wadda aka shigo da ita daga Amurka bayan ta yi aiki a can. Injinta shi ne wanda ake kira 1.8T, mai silinda huɗu da faɗin cc 1,781, kowace silinda da bawul biyar, wato ashirin ke nan gaba ɗaya, da ƙaramin turbo, wato fankar da hayaƙin inji ke juyawa domin a tura wa injin ƙarin iska, samfurin K03 na kamfanin KKK na Jamus, wanda BorgWarner ya mallaka daga baya. A takarda ƙarfinta doki 180 ne. Irin wannan inji yana cikin Passat da Jetta da Audi A4 da Audi TT na wancan zamani, shi ya sa kanikawa da yawa suke ganin sun san shi, alhali abin da suka sani rabinsa ne, wato rabin da ba shi da alaƙa da turbo. Kafin in isa garejin da nake sharhi a kansa na biya wurare biyu. A na farko an saurari injin da kunne aka ce turbo ya mutu, in kawo kuɗi a sayo na Beljiyam. A na biyu an jona ƙaramar na'urar sikanin, aka goge lambar matsalar ba tare da an karanta mini ita ba, aka ce idan ta dawo to ƙwaƙwalwar motar ce, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda kanikawa ke kira biren bos. Ta dawo kafin in kai gida.

Garejin na uku yana wajen Farin Gada, a wani lungu da ke bayan masu sayar da kayan gyara. Ba zan ambaci sunansa ko sunan mai shi ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai suka, mutumin kuwa bai roƙe ni ko ɗaya ba. Wurin ba shi da wani kwarjini: rumfar kwano ce mai ɗaukar mota huɗu, rami ɗaya, kwamfuresa, da ɗan ɗaki da ake kulle kayan aiki. Abin da ya sa na tsaya shi ne irin motocin da na tarar a fili. Akwai Subaru Impreza WRX an buɗe bonet ɗinta, akwai Volvo mai silinda biyar, akwai kuma wata Saab 9-5 da ta daɗe tana jiran kaya, abin da ba zai ba kowa mamaki ba tun da kamfanin ya durƙushe a 2011. Maigidan dattijo ne da ya fara koyon aiki a kan Peugeot 504 da 505, zamanin da kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ke cika hanyoyin Arewa da su, ana saita kafireto da kunne da sukuddireba. Ya ce ya daina amincewa da kunnensa ranar da ya fahimci cewa injin turbo na iya yin sauti mai daɗi yana kuma cin kansa a ciki.

Buƙatu biyu na zo da su. Na farko a gyara abin da ya lalace, na biyu kuma, tun da dai an buɗe motar, a sake saita ƙwaƙwalwarta a ƙara mata ƙarfi, domin na karanta cewa wannan inji na haura doki 200 da sauyin manhaja kawai. Ya bar ni na gama, sannan ya ce: “Alhaji, bari mu fara sanin ko dokin nan 180 da kake magana suna nan tukuna. Wanda ba a ƙirga abin da ke garkensa ba, ba a yi masa maganar ƙari.” Ya kuma faɗa mini tun a tsaye cewa yana karɓar kuɗin bincike daban, ko an yi gyaran a wurinsa ko ba a yi ba, kuɗin kuwa ya kusa ninka abin da na biya a gareji na biyu sau uku. Na ji nauyinsa, amma a yau shi ne kuɗin da na fi gamsuwa da biyansa a duk aikin.

Binciken ya ɗauki yini guda. Ya jona kwamfutarsa da motar ta manhajar VCDS, wadda aka yi musamman domin motocin Volkswagen da Audi, ya nuna mini lambar da ta fito, 17964, wadda ma'anarta ita ce matsin iskar da turbo ke bayarwa bai kai abin da ƙwaƙwalwa ta nema ba. Daga nan ya bayyana mini abin da ya faru a Hawan Kibo. Ƙwaƙwalwar wannan mota, Bosch ME7.5, tana lissafa yawan iskar da take so, tana umartar wani ƙaramin bawul mai suna N75 ya riƙe ƙofar da ke sakin hayaƙi a gefen turbo a rufe, tana kuma duba sansa ta ga ko matsin ya kai. Idan ta ga tazara mai yawa tsakanin abin da ta nema da abin da ta samu, sai ta janye hannunta, ta bar turbo da ɗan matsin da sifirin ɗin ƙofar ke iya riƙewa shi kaɗai, domin kada injin ya cutu. Kashewa da tayarwa na sa ta sake gwadawa. Saboda haka lambar ba ta ce turbo ya mutu ba, ta ce ne kawai iska ba ta isowa, kuma abubuwan da ke iya jawo hakan sun fi biyar.

Akwai wani ɗan abu a nan da ya nuna mini cewa mutumin ya san inda yake zaune. Da ya kunna makulli bai tayar da injin ba, sansar matsin iska ta nuna milibar 880 ko kusa da haka. Ɗaya daga cikin yaransa ya ce sansar ta lalace, domin ya ga an rubuta cewa ya kamata ta nuna wajen 1,000. Maigidan ya tuna masa cewa wannan lissafin na bakin teku ne, Jos kuwa tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu da kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Sansar lafiyarta lau, gaskiyar garin ta faɗa. Na yi tunanin sansa nawa aka cire aka jefar a wannan gari saboda wani ya kwafi adadin Legas ko na Jamus bai tambayi tsaunin da yake tsaye a kai ba.

Bayan haka muka fita hanyar Zariya, ni ina tuƙi, shi yana gefe da kwamfuta a cinya. Ya sa na saka giya ta uku, na taka totur har ƙasa tun daga juyi 2,000 a minti zuwa kusan 6,000, yana naɗar rukuni na 115, inda ake ganin matsin da aka nema da wanda aka samu gefe da gefe. Ƙwaƙwalwa ta nemi wajen milibar 1,750, abin da ya iso bai wuce 1,300 ba. Ya duba rukuni na 032, wanda ke nuna gyaran da injin ke yi wa yawan fetur, ya ga tana ta rage mai idan akwai nauyi. Ya ce wannan alamar yoyo ce a bayan sansar iska, wadda kanikawa ke kira eyafulo: sansar ta riga ta ƙirga iskar, ƙwaƙwalwa ta zuba fetur daidai da ita, amma wani kaso na iskar ya tsere a hanya kafin ya kai silinda. Nan na gane dalilin baƙin toka a bakin salansa da kuma yadda motar ke shan mai fiye da da, abin da tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba wanda ke iya kau da kai daga gare shi.

Da muka dawo ya yi gwajin da nake ganin duk garejin da ke taɓa turbo ya kamata ya iya, ga shi kuma ba ya buƙatar wani kayan aiki mai tsada. Ya cire tiyon da ke shiga bakin turbo, ya toshe shi da wani murfi da ya ƙera da kansa mai bawul ɗin taya a jiki, ya buɗe murfin baƙin mai domin iska kada ta taru a cikin injin, sannan ya hura iska daga kwamfuresa a hankali bai bari matsin ya wuce bar ɗaya, wato milibar 1,000, ba. Tun kafin a fesa ruwan sabulu muka ji huci. Tiyon da ke tasowa daga intakula, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, tsagar kuma ba ta buɗewa sai matsi ya hau. Bawul ɗin da ke mayar da iska baya idan an ɗaga ƙafa daga totur shi ma robar cikinsa ta yage, ya gwada shi da ɗan famfon tsotso ya ƙi riƙewa. Ƙananan tiyoyin da ke zagaye injin kuwa sun bushe har ɗaya ya karye a hannun yaron da ya taɓa shi. Roba ce da ta shekara fiye da ashirin tana shan zafin inji, babu laifin kowa a nan.

Turbon da aka yanke wa hukuncin kisa a gareji na farko fa? Ya sa na saka yatsa na taɓa sandar fankarsa da kaina. Tana ɗan motsi gefe da gefe, abin da ya ce daidai ne, domin sandar tana shawagi ne a kan siririn baƙin mai idan injin na aiki, amma ba ta motsi gaba da baya, fuka-fukan ba su taɓa bango ba, kuma man da ke cikin bututun ɗan laima ne kawai. Bai ɓoye mini cewa irin wannan turbo kan yi 'yan tsage-tsage a gefen hayaƙi kusa da ƙofar ba, kuma nawa ma akwai yiwuwar yana da su, amma ya ce muddin yana riƙe matsi babu dalilin sauke shi. Ya kuma gwada indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, domin idan ta toshe ita ma tana kashe ƙarfi, ya same ta a buɗe. Na tambaye shi ko a fasa ta kawai kamar yadda ake yi, ya ce shi ba ya fasa mai lafiya, kuma in lura da cewa masu saurin ba da wannan shawara sukan san inda ake sayar da abin da aka fasa.

Sashen da ya fi ba ni kunya shi ne na abubuwan da ban zo dominsu ba, domin wasu da hannuna aka yi su. An cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya yi zafi, tun kafin motar ta zo hannuna, an kuma jona fanka kai tsaye tana juyawa daga tayarwa har kashewa, bisa al'adar nan ta cewa motar Turai ba ta san zafin Najeriya ba. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa ne a digiri 87, allurar zafi kuma ya kamata ta zauna a 90. Tawa ba ta wuce 70 a safiyar Jos, ni kuwa ina murna ina cewa motata ba ta zafi. Ya bayyana mini cewa injin da bai kai zafinsa ba ƙwaƙwalwa na ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tayar da shi, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, danshin da ya kamata zafi ya kora kuma yana zama a ciki. A garin da sanyin hunturu kan sa mutane hura wuta da asuba, cire tamostat ba shi da ko uzurin da ake kawowa a Sakkwato ko Maiduguri, can ɗin ma kuskure ne. A lagireto kuma ruwan famfo ne zalla, maimakon ruwan sanyaya inji mai launin hoda, G12, wanda aka tsara domin injin, turbon nan kuwa da ruwan da baƙin mai duka yake sanyaya kansa.

A kan baƙin mai ya fi daɗewa yana magana, ni ma a nan zan daɗe. Shekara da shekaru ina yin juye da mai kauri, 20W-50, saboda an ce tsohon inji mai kauri yake so, kuma yana da sauƙin kuɗi. Abin da kamfanin ya gindaya shi ne mai da ya cika ƙa'idar VW 502 00, wanda galibi 5W-40 ne na haɗin masana'anta. Dalilin yana cikin turbon kansa. Sandarsa na juyawa fiye da sau 150,000 a minti, gefen hayaƙinsa na iya kaiwa digiri 900, kuma abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a wannan hali shi ne man da ke bi ta wani siririn bututu. Mai kauri yana jinkirin isa wurin da sanyin safiya, mai arha kuma yana ƙonewa ya zama gawayi a cikin bututun idan aka kashe injin da zafinsa. Gawayin nan yana ɓarewa ya gangara kaskon ƙasa, ya taru a rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta, ranar da rariyar ta toshe kuwa injin ya buga. An san wannan matsala a Passat da A4 masu wannan inji, waɗanda kaskonsu ya fi na Golf ƙanƙanta, har kamfanin ya tsawaita garantinsu a Amurka a 2004. Maigidan ya sauke kaskon motata ya kira ni in gani: kusan sulusin rariyar ya toshe da baƙaƙen ɓarɓashi kamar garin gawayi. Ya wanke kaskon, ya sa sabuwar rariya, ya sauya bututun da ke kai wa turbo mai. Matatar iska mai siffar mazurari da na saya da kuɗina domin in riƙa jin hucin turbo ita ma ya cire, ya mayar da akwatin asali da matatar takarda, domin man da ake shafa wa irin waccan yana ɓata sansar iska, ƙurar hunturu kuma tana ratsa ta, ga shi tana zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet.

Taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, bai tsaya jayayya a kansa ba. Ya tambaye ni yaushe aka sauya, na kasa amsawa, ya ce to a sauya. A wannan inji idan bel ɗin ya tsinke fistin na haɗuwa da bawul, kuma bawul ashirin ne. Ya haɗa da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin, ya sa filogi NGK PFR6Q da tazarar milimita 0.8, ya juye man birki.

Sai maganar ƙarin ƙarfi, wadda ita ce ta sa na rubuta wannan sharhi. Bayan an gama gyara mun sake fita hanyar Zariya, layukan nan biyu na rukuni na 115 suka hau tare suka sauka tare, sansar iska kuma ta nuna fiye da giram 140 a daƙiƙa a saman juyi, wanda bisa ƙiyasin da masu wannan inji ke amfani da shi ya yi daidai da dokin da kamfani ya yi alkawari. Na ce to yanzu an ƙirga garken, saura ƙari. Ya ce in tafi in yi kilomita 1,000 in dawo, kuma in sha mai a gidajen mai biyu daban in riƙe a raina wanne ne wanne. Da na dawo ya buɗe rukuni na 020, wanda ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke ja da lokacin tartsatsin filogi baya a kowace silinda idan sansa ta ji fetur na fashewa kafin lokacinsa. Wannan fashewar ba ita ce bugawar inji da kanikawa ke nufi ba, ƙara ce siririya kamar tsakuwa a gwangwani, sau da yawa kunne ba ya ma jin ta, amma ita ce ke fasa gefen fistin idan ta daɗe. Da man gida ɗaya motar ta ja baya digiri biyu zuwa uku, abin da ya ce babu damuwa. Da man ɗaya gidan, da rana tsaka, ta kai shida, kuma wannan a saitin kamfani ne ba a ƙara komai ba.

Hujjarsa ta tsaya a kan abubuwa da na kasa rushewa. An tsara injin ne domin fetur mai oktan 95 a ma'aunin Turai, wato ma'aunin juriyar fetur ga irin wannan fashewa, manhajojin ƙarin ƙarfi da ake sayarwa kuma an rubuta su ne domin 95 ko 98, mu kuwa a nan famfo ɗaya ne a gidan mai, ba a tambayarka wane iri kake so, kuma abin da aka sauke yau ba lallai ya zama irin na makon jiya ba. Duk mai mota yana tuna gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022. Sannan ga tudun Jos. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta hawa, mai turbo kuwa yana cike giɓin, amma yana cike shi ne ta hanyar juyawa da sauri fiye da yadda zai yi a Legas, iskar da yake fitarwa kuma tana ƙara zafi. K03 ƙaramin turbo ne, idan aka nemi ya ba da bar 1.3 ko fiye a kan nauyin iskar waje maimakon kusan 0.8 na kamfani, a kan tudu, ta cikin ɗan intakulan da ke maƙale a kusurwar bamba, to iska mai zafi zai riƙa turawa, ita kuwa ita ce abokiyar fashewar da muka gani. Ya ƙara da cewa sandunan fistin na wannan inji ba sa son ƙarfi mai zuwa farat ɗaya a ƙananan juyi, kuma kulocina na asali ne, zai fara zamewa cikin 'yan watanni. Na kawo maganar bawul mai fitar da iska waje, mai yin atishawar nan da samari ke so, ya ce a motar da ke da sansar iska wannan yoyo ne da mutum ya saya da kuɗinsa, irin wanda muka gama toshewa.

Ya faɗi iyakarsa ba tare da na matsa ba, kuma wannan yana cikin abin da mai karatu ya kamata ya sani. Ba shi da na'urar da ake ɗora mota a kai tayoyinta na birgima ana auna ƙarfi, kuma ba shi ke rubuta manhaja ba, saya yake daga waje ya ɗora. Saboda haka wanda ke neman a zauna a tsara wa motarsa saiti na musamman daidai da man Najeriya da tudun Filato, wannan gareji ba wurinsa ba ne. Abin da ya iya shi ne mayar da mota yadda kamfani ya ƙera ta da kuma karanta abin da take faɗa. Ya ce idan na dage, sharaɗinsa babban intakula na gaba, sabon kuloci, filogi mai lamba 7, wanda ya fi jure zafi, da aka matse zuwa milimita 0.7, da manhaja mafi sauƙi da aka rubuta domin man da ya fi rauni, kuma ko a haka sai ya sake duba rukuni na 020 kafin ya ba ni makulli.

Inda garejin ya gaza ba ƙanana ba ne. An ce mini kwana huɗu, motar ta yi goma sha ɗaya. Wani ɓangare na jinkirin daga kaya ne, domin abin da ba a samu a kasuwar Dilimi ta Jos ba sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas, famfon ruwan farko da ya iso kuma ba na wannan inji ba ne, aka mayar. Amma babban dalilin shi ne komai yana jiran mutum ɗaya. Yaran sun iya kwancewa da ɗaurawa, sai dai babu wanda aka bari ya taɓa kwamfutar, saboda haka ranar da maigidan ya tafi ɗaurin aure aiki ya tsaya cak. Ba ya ɗaukar waya idan yana ƙarƙashin mota, kuma ba ya kira idan ya fito, sai dai ka zo da ƙafarka. Batirin kwamfutar ya mutu, idan babu wuta sai an tayar da janareta ko a jona ta da batirin mota. Ban samu rasit na kayan da aka sayo ba sai da na nema sau biyu, garantin aikin kuma na baki ne, wata uku, babu takarda. Filin ƙasa ne, kuma ko da yake na ga suna toshe bakin bututun turbo da leda da zarar sun cire, wurin da ake buɗe kaskon inji a lokacin ƙura ya cancanci daɓen siminti. Na kuma tarar da tabon baƙin mai a kujerar direba, wanda aka goge bayan na nuna, amma da an shimfiɗa leda tun farko da ba a kai ga haka ba.

A ɗaya gefen, duk abin da aka cire an zuba mini shi a kwali an sa a but, har da tsohon bel da tiyon da ya tsage, kuma kafin a sayi kowane abu sai da aka nuna mini dalilinsa a jikin motar ko a fuskar kwamfuta. Jimillar abin da na kashe, har da mai da bel da kuɗin aiki, ta ɗan haura abin da aka nema a gareji na farko domin turbon Beljiyam shi kaɗai, wanda da an ɗaura shi da zai ci gaba da hura iska ta tsagaggen tiyo, yana shan mai ta rariyar da ta toshe. Ga mai Golf ko Passat ko Audi mai wannan inji, ko mai wata tsohuwar mota mai turbo da ke son a gano ciwonta kafin a fara saye-saye, wurin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya tanadi wata motar da zai hau na mako biyu. Wanda motarsa ke neman juye da sauya birki kawai zai samu mai yi masa da sauri da araha a ko'ina cikin Farin Gada.

Da zai miƙa mini makulli ya ce: “Alhaji, abu uku nake roƙo. Kada ka matsa mata sai allura ta kai 90, ka yi juye duk kilomita 5,000 ko da kwalbar man ta ce za ta kai fiye, kuma idan ka gama hawa kada ka kashe ta nan take, ka bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana numfashi.” Ya ƙara da cewa in riƙa duba matatar iska duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in sauya ta idan ta cika, kada in bari a hure ta da kwamfuresa, domin hakan na buɗe ramukan takardar.

Makonni uku bayan haka na sake dawowa daga Abuja da yamma. A Hawan Kibo na tarar da wata tirelar siminti a kusan inda waccan ta tsare ni, na jira hanya ta buɗe, na saka giya ta uku na taka. Motar ta ɗauka tun daga juyi 2,000 ba ta saki ba har na koma hannuna, allurar zafi tana kan 90, dashbod babu fitila. Da na tsaya sallar magariba a Riyom na bar injin yana aiki har na gama ɗaure takalmi na ɗauko buta daga but, sannan na kashe. Kuɗin babban intakulan suna nan a ajiye, ban kai masa ba tukuna, kuma shi ma bai kira ya tambaya ba.